Ƴan mata 47 ba sa zuwa lakwal a unguwarmu a Tawa: ta ina za mu fara?

Uwar Asusu, Tawa

Assalamu alaikum ƴan zaure. Mu ƙungiyar mata masu asusu ce a cikin garin Tawa, mu 30. Mun bi gida gida a unguwa mun rubuta sunan ƴan mata 47 da ba sa zuwa lakwal, daga ƴar shekara 9 har ƴar 19. Wasu ba su taɓa shiga aji ba, wasu sun tsaya a CE ko CM, wato azuzuwan tsakiya da na ƙarshen firamare. Shida sun kai kwalej suka fita, biyu daga cikinsu a 3e, ajin ƙarshe, bayan sun faɗi BEPC, jarrabawar gama kwalej. Tara suna da aure, biyar da goyo. Ƙananan kuwa kusan duka talla suke yi.

Muna da fili a gidan ɗaya daga cikinmu, muna kuma da ɗan abin da muke zubawa kowane mako. Muna jin ana maganar buɗaɗɗiyar makaranta, wadda ɗalibi ke karatu a lokacin da ya samu sarari, ba sai ya wuni a aji ba. Irin wannan za ta yiwu a nan? Aji ɗaya za mu yi musu ko raba su za a yi? Wa za mu fara gani a hukuma? Sannan wace takarda za su samu a ƙarshe, don tambayar da iyaye ke fara yi mana ke nan. Don Allah masu sani a yi mana dalla-dalla.

Tsohon Direkta, Tawa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lada. Ku cire maganar aji ɗaya daga ranku. Ƴar shekara 9 da matar aure ƴar 18 ba sa zama tabarma ɗaya su yi karatu. Babbar kunya za ta hana ta buɗe baki har ta daina zuwa, ƙaramar kuma ta koma ƴar aike. Shekaru da matakin karatu ne za su raba muku su, kuma ba a gane mataki da tambayar “a wane aji kika tsaya?” Yarinya tana iya fita daga CM1 ba ta iya haɗa baƙi ba. A gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna karatun yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yaran ƙarshen firamare na Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. An samu ci gaba a na 2019, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai ba.

Ga yadda ake gwadawa. A sami kwali biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci. A kowane a rubuta baƙaƙe goma, kalmomi goma, sakin layi mai gajerun jimloli huɗu, sai ɗan labari mai layi takwas da tambayoyi biyu. A kira yarinya ita kaɗai, ba gaban ƙawayenta ba, a fara mata daga sakin layi. In ta karanta ba gargada a hau da ita labari. In ta kakare a sauko kan kalmomi, in nan ma ta kasa a sauko kan baƙaƙe. A lissafi ta karanta lamba mai gida biyu da mai gida uku, ta yi tarawa, ta yi ɗebewa mai aro irin 52 a cire 17, sai rabawa. Minti goma ya ishi kowace. Abin da za ku gani shi ne, in kun ce wa ƴar talla dala 52 ce aka kashe 17, kafin ku rufe baki ta ce saura 35, amma a ba ta allo da alli sai ta yi tsuru. Kada a sa ta cikin waɗanda ba su san lissafi ba, rubuta shi ne ba ta iya ba. Ku kuma tuna ita da dala take ƙirga, littafi kuwa da tamma yake lissafi, sai an zauna an nuna mata cewa dala 20 ɗinta ita ce 100 a takarda.

Ƙananan, daga shekara 9 zuwa 12, ba buɗaɗɗiyar makaranta suke bukata ba, komawa lakwal suke bukata, kuma hanyarsu a share take. Ajin gada ake yi musu, wanda ma'aikatar ilimi ke kira SSA/P. Gidauniyar Stromme ce ta fara shi a Mali a 2004, daga baya ya shigo Burkina Faso da Nijar. Wata tara ne: biyu na farko da harshen gida, bakwai da Faransanci, ana dunƙule abin da ake koyarwa a CI, CP da CE1, wato azuzuwa uku na farkon firamare. A ƙarshe a yi gwaji, wadda ta yi ƙarfi ta shiga CE2, mai rauni ta shiga CE1. Aji ba ya wuce yara 30. Ku lura, awoyinsa ba su gaza na lakwal ba. Duk wanda ya ce zai dunƙule shekara uku cikin wata tara da awa biyu a rana, kansa yake yaudara.

Ƴan 13 da 14 su ne masu wuyar sha'ani, sun yi wa CE2 girma, sun yi wa ajin manya ƙanƙanta. Wadda gwaji ya nuna tana da ƙarfin CM, a roƙi direkta ya karɓe ta a CM2 ta nemi CFEPD, takardar gama firamare, tunda an dawo da jarrabawar a 2024, daga nan ta wuce 6e, ajin farko na kwalej, ko kwalejin fasaha. Sauran a tambayi ansifektan yaƙi da jahilci ko akwai cibiyar ilimi ta ƴan shekara 9 zuwa 14 kusa da ku.

Wanda za ku fara gani shi ne direktan lakwal mafi kusa da ku, tare da kwamitin kula da lakwal na CGDES da ƙungiyar uwaye ta AME. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tsarin zaɓen ƴan kwamitin da ƙuri'a da tsara aikin shekara a nan jahar Tawa aka fara gwada shi a 2004 da tallafin Japan, kafin a baza shi ƙasa baki ɗaya. Daga nan ku je wurin ansifekta, sannan meri, ofishin magajin gari.

Dalilin da ya sa na sa direkta gaba: ajin gada ba cikin wata taran yake lalacewa ba, a bakin ƙofar lakwal yake lalacewa. Oktoba ta yi, a kwaso yara 20 a kai wa mutumin da CE2 ɗinsa ya riga ya cika har ana zama ƙasa, bai san da zuwansu ba, ba tabur, ba littafi. Zai ce a dawo mako mai zuwa, kafin makon ya zo farantin talla ya koma kai. Tun kafin ku buɗe aji a rubuta yawan gurbin da zai ajiye muku, ansifekta ya sa hannu. A kuma roƙi ansifekta ya riƙa turo mai ba malamai shawara yana leƙa ajin, su ne kuma za su yi gwajin ƙarshe, don sakamakon ya zama na hukuma ba naku ba. Na biyu takardar haihuwa. Wadda ba a bayyana haihuwarta cikin wa'adi ba sai an je jistis da shaidu a yi mata hukuncin da ke madadin takardar, kuma abin yana cin lokaci. A fara shi a watan farko. Ku sa kunne a meri don jin ranar da alƙali zai fito zaman tafi-da-gidanka, ya fi sauƙi a kai yara da yawa lokaci guda.

Malama Mai Bin Karatun Ƴan Mata, Yamai

Baba Direkta ya gama da ƙananan. Yaya Hajiya, ni kan masu aure da masu goyo zan tsaya, don su ake fara rasawa. Tara cikin 47 ma kaɗan kuka samu, binciken ƙasa na 2012 ya nuna 76 cikin 100 na matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, 28 cikin 100 kafin 15.

Doka tana bayansu. Akwai dokar shugaban ƙasa mai lamba 2017-935 ta ranar 5 ga Disamba 2017 kan kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata, sai ƙudurin ministoci na 2019 da ya ba mai aure da mai ciki damar ci gaba da karatu da komawa aji bayan haihuwa. A ansifeksiyon ku nemi mai kula da karatun ƴan mata, SCOFI ake ce wa ofishin, aikinta ke nan.

Sai dai ba da takardar doka ake shiga gidan miji ba. A bi ta hannun wanda yake jin nauyi, limamin unguwa ko mai unguwa ko wansa. Mazan Adar da yawa suna Abijan ko Libiya ko Najeriya wajen nema, sai ku tarar iznin a hannun uwar miji yake. A zauna da ita, a kira ɗan nata a salula gabanta, a faɗi ranaku da lokacin fita da na dawowa, kowa ya ji da kunnensa. Malama mace za ku ɗauka. Kuma ku dubi bakin ƙofar gidan da kyau: in akwai fadar samari masu shayi a wurin, a yi magana da mai unguwa su gusa. Tsegumi ɗaya ya isa ya kwashe muku matan aure tara a mako guda.

Lokacin karatu kada ku yanke shi a taronku. Ku zaunar da su kowace ta faɗi wuninta daga asuba zuwa isha. Yawanci sararin da ke fitowa shi ne bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, kafin a ɗora tukunyar dare. Karatun bayan magariba a Yamai yana yiwuwa ga wasu, amma iyaye da mazaje da yawa ba sa yarda, ga rashin wuta. Lahadi kasuwar Tawa ce, ku bar ta. Kada ku yi karo da lokacin islamiyya, in kuka sa uwa ta zaɓa tsakanin biyun kun san wadda za ta zaɓa. Da azumi a mayar da aji hantsi. A buɗe bayan an gama girbi, a rufe kafin shuka.

Wani abu da masu tsara darasi a ofis ba sa lissafawa shi ne ranar girki. Mai kishiya, inda ake kwana bibbiyu, kwana biyu tana zuwa kwana biyu ba ta zuwa. In darasin yau a kan na jiya ya hau, na gobe a kan na yau, cikin wata ɗaya ta ɓace. Maganinsa, kowane darasi ya zama cikakke a zama ɗaya, a ba shi lamba, a kuma maimaita shi sau biyu a mako a ranaku mabambanta. Kowace tana da kati mai lambobin darussa, wanda ta yi malama ta sa alama. Ta haka wadda ta haihu ta yi arba'in za ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya, ba a ce ta koma farko ba. A ganina wannan katin shi ne buɗaɗɗiyar makarantar da kuke tambaya, gwargwadon abin da ƙungiya irin taku za ta iya.

Mai goyo ba ta rubutu da yaro a cinya, yana fizgar alli yana goge allo da tafin hannu. A sami tsohuwa ɗaya a ba ta tabarma a inuwa nesa kaɗan, inda uwa za ta ji kuka ta je ta ba da nono ta dawo, a riƙa ba ta ɗan abin goro duk wata. Makewayi ya kasance da ƙofa mai sakata, da buta da sabulu. In babu, kowace budurwa za ta riƙa ɓacewa kwana huɗu ko biyar a wata ba ta faɗi dalili ba. Audugar mata ta ƙyalle da ake wankewa tana iya zama ɗinkin farko da za su koya.

Talla kuwa, uwa ba don ƙin boko take riƙe yarinya ba, farantin nan shi ne cefane da kayan ɗaki. A nan kun fi kowace ƙungiya ƙarfi tunda asusu a hannunku yake. Ku tambayi kowace uwa ribar faranti a wuni, ku ba ta rance ta koma sayarwa a ƙofar gida ko ta yi kiwo, sharaɗin kawai yarinya ta riƙa zuwa aji. In yarinya ta yi kwana uku ba a gan ta ba, mata biyu su je gidan su ce “lafiya muka ji shiru?” ba da faɗa ba.

Sai rumfa. Kada ku yi ta zana. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a watan Afrilun 2021 ba, yara kimanin 20, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, fiye da 20. Ƙafafun ƙarfe da rufin kwano, mafita biyu, nesa da murhu.

Ɗan Rediyo, Tawa

Inna Hajiya, a ƙara da murya. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan, kulob-kulob na sauraron rediyo tun 1962 suke, talabijin ɗin makaranta kuma a 1964 aka fara shi. Yau ba sai an sayi fili a gidan rediyo ba. Malama ta ɗauki darasi a salularta, minti 12 zuwa 15, kada ya wuce haka, a ɗaki mai shiru. Ta faɗi lambar darasin da shafin tun farko, ta riƙa barin ɗan shiru bayan kowace tambaya don mai sauraro ta amsa. A zuba a kart memuwar, a sa a ƙananan rediyoyin nan na kasuwa masu cin kart da caji da rana. Rediyo ɗaya ya ishi ƴan mata biyar da gidajensu ke kusa. Ba intanet, ba kuɗin kira. Mai ranar girki tana iya sauraro tana tuƙa tuwo. Abin da ke ɓata shi: ƙanne su goge darasi su zuba waƙoƙi, saboda haka a ajiye kwafi a wurin malama, a rubuta lambar kowane kart a rajista.

Mai Horar da Malaman Manya, Yamai

Ƙanena Ɗan Rediyo, shawararka tana da kyau a matsayin maimaici, amma kada Hajiya ta ɗauka murya za ta koya wa wadda ba ta taɓa riƙe alli ba. Rediyo ba ya ganin ta juya b ta koma d, ba ya gyara riƙon alƙalami. Shirin ABC da aka yi a jahohin Doso da Damagaram daga 2009 ya nuna masu ajin yaƙi da jahilci da aka koya musu amfani da ƙaramar salula sun fi sauran ci gaba, karatun kuma ya fi zama a kansu bayan an rufe aji. Amma salular ƙari ce a kan aji mai malami, kwana biyar a mako, awa uku a rana. Kuma salular gida yawanci a aljihun namiji take.

Hajiya, mu yi lissafin kuɗi, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ku 30 kowace ta ware dala 100 a mako, jika 15 ke nan, jika 60 a wata. Albashi mafi ƙanƙanta a doka tun 2024 jika 42 ne. Malama ɗaya ta wata goma, har da watan horo, jika 420. A wata goma kun tara 600, saura 180 na babban allo, alli, kaye, bik, tabarmi, sabulu da ladan mai raino. Wato ƙarfin malama ɗaya gare ku, ba biyu ba. Shawarata ku riƙe ajin manyan da kuɗinku, ajin gada kuma ku nemi meri ko wata ƙungiya mai aiki da ma'aikata ta ɗauka, ku ku kawo yara da wuri da sa ido. Ku tara kuɗin malama na wata uku kafin ku buɗe. Cibiyoyi irin wannan rashin biyan malama ne ya fi kashe su: wata biyu ba a ba ta ba sai ta fara fashi, ɗalibai su zo su tarar ba kowa sau biyu, shi ke nan.

Malamar ta kasance ƴar unguwa mai aƙalla BEPC, kuma dole a horar da ita. Mai BEPC ta iya rubuta Faransanci amma sau da yawa ba ta san ƙa'idar rubutun Hausa ba, ba ta raba k da ƙ, d da ɗ. Ansifektan yaƙi da jahilci, waɗanda makarantar IFAENF ta Yamai ke yayewa, su ne masu wannan horo, a wurinsu kuma za ku nemi littattafan Hausa. Da Hausa za a fara, ta zama harshen ƙasa tun 2025 ma, sai a shigo da Faransanci na baki daga baya. Wadda ta yi makarantar allo ta riga ta san cewa baƙi yana ɗauke da sauti, tana saurin kamawa, a yi amfani da hakan.

Awa uku, kwana biyar, mako 24 ya ba da awa 360 a takarda. Cire biki, suna, rashin lafiya da ranar girki, abin da zai rage bai isa a ce mutum ya iya karatun da ba zai zube ba. Ku tsara rani biyu tun farko, ku faɗa wa iyaye haka.

Maganar takarda a faɗa musu gaskiya. Takardar shaida da ansifekta zai ba wadda ta ci gwajin ƙarshe tana da amfani, amma ba CFEPD ba ce, ba BEPC ba ce. Ga ƴan 15 zuwa 19 da ba su yi nisa ba, mafitar da ta fi kusa ita ce cibiyar koyon sana'a ta CFM, wadda ake samu a kusan kowace komin. Ku shirya su tun a aji: karanta santimita a tef ɗin awo, rubuta sunan mai kaya da kuɗin da ya bayar, lissafin uwa da riba. Kuma kada duka su tafi ɗinki, tela 20 a unguwa ɗaya ba mai samun ciniki. Akwai busar da albasa da tumatir, gabu, cuku, kiwon turka, gyaran salula, haɗa fannon hasken rana. Asusun FAFPA yana tallafa wa gajeren horo irin wannan, amma da ƙungiya mai takardar amincewar hukuma ake aiki. In taku ba ta da ita, a fara nema.

Uwar Asusu, Tawa

Allah ya saka muku da alheri, mun rubuta duka. Lissafin malama ɗaya ya sa jikinmu ya yi sanyi amma gara da muka ji yanzu. Saura shidan nan na kwalej, ba wanda ya taɓo su. Biyun da suka faɗi BEPC ɗaya tana da aure da goyo, ɗayar shekara biyu ke nan tana gida. Sun ce ba za su koma sa kayan lakwal ba.

Mushen Kwalej, Yamai

Hajiya, ba sai sun sa ba. A wasu ƙasashe akwai makarantar gwamnati da aka kafa don irinsu. Ta Indiya, NIOS, tun 1989 take, rajista ɗaya tana yi wa ɗalibi shekara biyar, yana cin darasi ɗaya ko biyu ya ajiye makinsa har ya cika. Namibiya ma tana da irinta, NAMCOL. Da za a yi mana haka da matan aure da yawa sun samu takarda. BEPC ɗinmu kuwa a zama ɗaya ake yin ta, da Faransanci, wadda ta faɗi sai ta maimaita duka. Ƙofar da muke da ita ita ce shiga jarrabawa a matsayin kandida libir, wato ƴar takara mai zaman kanta, kuma takardar da za ta samu daidai take da ta kowa.

Huɗun da suka fita a ƙananan azuzuwa daban ne. Wadda ba ta daɗe a gida ba, a ɗauko littafin makinta daga tsohuwar kwalej a je ansifeksiyon ɗin sakandare a nemi a mayar da ita. Wadda ta ƙi, sai darasin yamma mai zaman kansa ko CFM. Kada a tura wadda ta tsaya a 5e ta yi BEPC bana don wai ta gwada sa'a, shirin 4e da 3e ba a haɗiye shi a wata shida.

Biyun kuwa, a fara da karɓo takardar makin jarrabawar da suka faɗi. Ita za ta nuna inda ramin yake. Ana neman 10 bisa 20 a jimla, Faransanci da lissafi su ne masu nauyi, maki biyu da aka ƙara a lissafi ya fi biyu a darasi mai sauƙin nauyi. Ga tarihi da labarin ƙasa da SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, hadda da kaye mai kyau suna kai mutum, waɗannan za su iya yi a gida, nan ne ma muryar Ɗan Rediyo za ta yi aiki. Lissafi, kimiyyar fizik da shimi, rubutun Faransanci da Ingilishi sai da mai gyara. Ku nemi mushen CEG, wato malamin kwalej, ko ɗalibin jami'ar Tawa ya zauna da su sau uku a mako, awa bibbiyu, cikin gidan da ajinku yake, da wata babba a wurin. Malamar ajin manya ba za ta iya wannan ba, kada a ɗora mata. Daga Oktoba zuwa Fabrairu a bi shirin 3e, daga Maris a koma kan tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da agogo a gaba. Wadda ta yi shekara biyu a gida hannunta ya yi nauyi, ta san amsa amma lokaci ya ƙare tana shafi na farko. A roƙi direktan CEG ya bar su su zauna jarrabawar gwaji da ɗalibansa. Abin ba wasa ba ne, a 2021 kusan ɗaya cikin biyar ne suka ci a ƙasa baki ɗaya. Wadda ta kusa ana ba ta damar zagaye na biyu, saboda haka kada ta yi tafiya kafin sakamako ya fito.

Dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawa, ya fi karatun kayar da kandida libir, don ba direktan da zai tuna mata. Ana rufe karɓa watanni kafin jarrabawa, tun Oktoba wata daga cikinku ta riƙa leƙa allon sanarwa na ansifeksiyon don ganin ranar rufewa da kuɗin bana. A tanadi takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, hotuna, shaidar cewa ta yi 3e, katin shaida, da rasit ɗin biya. Akwai wasan motsa jiki a jarrabawar, mai ciki ko mai ɗanyen goyo ta nemi takardar likita ta ɗauke mata tun wajen haɗa dosiye, ba ranar da aka fito fili ba. Ku ɗora takardun gefe da gefe ku duba harafi harafi: Haoua a wannan, Hawa a wancan, ko shekarar haihuwa ta bambanta, ya isa a mayar da dosiye, gyaran kuma sai an koma jistis. Mai goyo ta fara saba wa yaron da kunu da hannun mai raino wata guda kafin ranar, don ba a shiga ɗakin jarrabawa da shi, kuma zama ɗaya yana kai awa biyu.